Facin Zare a Cikin Tela

Bayan an cire wa tela ƙari a ciki, likita ta nuna masa wani ɗan ƙyalle fari kamar fatar albasa.

"Baba, irin wannan muka liƙa inda ƙarin yake. Zarensa ya fi yanar gizo siranta, kuma akwai magani da garin ƙarfe a ciki. Idan aka kanga wannan na'ura mai maganaɗisu, zaren zai yi ɗumi ya saki magani a wurin kaɗai."

Tela ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi. "Shekara talatin ina yi wa mutane faci, yau ga shi an yi mini."

Matarsa ce ta karɓi na'urar. Kullum da safe, bayan ya karya, sai ta zauna bakin gado ta kanga masa ita a gefen dama, minti goma sha biyar, idonta kan agogon bango. Ba ta taɓa tsallake rana ba. Ko ranar da ƙanwarta ta haihu, sai da ta gama sannan ta fita.

A wata na huɗu aka yi masa hoto. Likita ta daɗe tana kallon takardar.

"Wurin da muka sa zaren fes yake. Amma cutar ta bi jini ta shiga hanta da huhu."

"To a sa masa wani zaren a can mana," in ji matar tela.

"Mama, wuraren sun yi yawa."

Suka koma gida. Washegari ta ɗauko na'urar kamar kullum, sai ya riƙe hannunta. Yatsunsa duk sun rame.

"Bari kawai, maman yara. Zauna kusa da ni."

Bayan mako biyu asibiti suka bugo waya: na'urorin guda shida ne kacal, kuma akwai masu jira, don haka a dawo da wadda aka ba su. Ta goge ta tas, ta naɗe a tawul, ta bar babbar 'yarsu da shi, wanda a lokacin ko ruwa da ƙyar yake haɗiya.

A bencin ƙofar likita wata mata na zaune, mijinta ya jingina da kafaɗarta. Ta ga abin da ke cikin tawul, idonta ya kawo haske.

"Baiwar Allah, mu za a ba wa. Don Allah, yana aiki kuwa?"



"Yana aiki," in ji matar tela, ta miƙa wa wata nas na'urar, ta sauka matakala tana dafa bango.