Mai Mandazin Ƙofar Coci

Sista Tiyamike tana da abin alfahari guda: tun da ta fara aikin jinya, sunan majinyaci bai taɓa fita daga bakinta a waje ba. Har gori take yi wa ƙananan ma'aikata a kai.

Ran nan tana cikin bas daga garin Zomba zuwa ƙauyensu, an cusa su kamar kifi a kwando, sai ga wayar Bambo Chirwa, abokin aikinta a asibitin ƙauyensu.

"Sista, wa kika ce a fara bai wa maganin ƙanjamau gobe?"

"Haba Bambo, ka san ba na kiran suna a waya," ta faɗa da ƙarfi, don injin ya cika kunne. "Matar nan mai tagwaye, mai suyar mandazi a ƙofar coci. Ka lallaɓa ta, ko mijinta bai sani ba."

Ta kashe waya, wai ita ta kiyaye amana. Sai ta ji motar ta yi tsit, har kwandasta ya bar surutu. Coci ɗaya ne a ƙauyen, mai mandazi, wato fanken ƙasar, ita ma ɗaya ce, Nambewe. Wata tsohuwa a gefenta ta gyara zani ta ce, "Allah sarki. Ashe dai."

Kunya ta rufe Tiyamike, ta sauka tun ba a kai tasharta ba.

Ranar Lahadi aka taso daga coci. Inda aka saba yin layi babu kowa, mata na jan 'ya'yansu suna wucewa, kwanon Nambewe cike fal. Tiyamike ta so ta bi ta baya, amma Nambewe ta riga ta hango ta.

"Sista, zo mana. Kin ga yadda aka yi da ni?" Ta rage murya. "Baban tagwaye ma a mashaya ya ji. Chirwan nan ne, na sani, bakinsa ba ya rufuwa. Ba zan sake taka wurinsa ba. Ke kaɗai na yarda da ke, daga yau a hannunki zan riƙa karɓar maganina."



Nambewe ta zaɓo manya-manyan mandazi, ta ƙunshe a takarda, ta danƙa mata. "Kai wa yara. Kin riƙe ni kamar 'yar uwa."

Tiyamike ta sa hannu biyu ta karɓa.