Shekaru Biyun da Eulogio Bai Yi wa Maryamu Lulluɓi Ba

Shekara goma sha ɗaya dattijo Don Anselmo Barea ya yi yana hawa da sauka a matakalar majalisar gari kafin kansiloli su amince a kafa allon tunawa da Eulogio Quirós. Ko da suka amince ɗin, sai da suka gindaya sharaɗi. Gidan benen da ke Titin Toneleros na mutum tara ne, kowa da sashensa, bangon waje kuwa nasu ne gaba ɗaya, saboda haka ba za a buga ko ƙusa ba sai duk sun yarda. Takwas sun yarda. Ta taran ita ce Doña Visitación, ƙanwar marigayin.

Lokaci kuma ya ƙure. Zaɓe na tafe a watan Mayu, kuma kowa ya san waɗanda za su ci ba za su waiwayi zancen ba. Shi kansa Don Anselmo ya ba tamanin baya, gwiwoyinsa sun daina yi masa biyayya.

Abin da ake son allon ya faɗa ba shi da tsawo. A watan Agustan 1970 gwamnatin kama-karya ta kafa dokar da ta sa mazan da ke son maza cikin masu haɗari ga jama'a. A Fabrairun 1972 aka kama Eulogio a shagonsa na ɗinki da ke ƙasan gidan, bai fito daga kurkuku ba sai ƙarshen 1973. A shagon nan ne kuma, a 1978, ya tara mutum shida suka kafa ƙungiyar farko ta kare haƙƙin irin waɗannan mazan a garin, suka fita titi da ƙyallen zanga-zangar da ya ɗinka da hannunsa, ana jifansu da ruɓaɓɓen lemo. Don Anselmo ne ya riƙe ɗaya sandar ƙyallen. Tare suka zauna a matsayin masoya har ranar da ya rufe wa Eulogio ido, a 1996.

Nieves, lauyar da ke shugabantar ƙungiyar yanzu, ta rako shi har gindin bene.

"Don Anselmo, kada tsohuwar nan ta sa ka sassauta. Kalma ɗaya ba za mu cire ba."

"'Yata, hawa huɗu ne a gabana. Bari in kai da raina tukuna."

Ya tarar da Doña Visitación tana ɓare wake a bakin taga. Ba ta ce ya zauna ba, ya dai zauna.

"Ka sake dawowa, malamin tarihi? Ashe ba ka mutu ba."

"Ina jiran ki riga ni, Doña Visi, kin fi ni sanin hanyar coci."

"Na gaya wa yarinyar nan taku mai gajeren gashi, kai ma ina gaya maka. Ba za a rubuta kurkuku a jikin bangon da uwata ta mutu a bayansa ba. Kuna son allo? Ku rubuta cewa shi ne mai yi wa Maryamu ado. Wannan ai gaskiya ce."

Gaskiya ce kuwa. Tun 1959 Eulogio ne ke shirya mutum-mutumin Maryamu na cocin unguwar kafin a fito da shi a zagaya gari a Mako Mai Tsarki na Kirista. Yakan rufe ƙofa shi kaɗai, bakinsa cike da fil, ya yi ta naɗa leshi a gefen fuskar har ninki ya zauna yadda yake so. Dattawan cocin sun san ko shi wane ne, ba su taɓa tambaya ba, kuma da ya fito daga kurkuku suka miƙa masa mabuɗin kamar wanda ya dawo daga ziyarar dangi.

"Ba don leshi aka jefe mu da lemo ba," in ji Don Anselmo.

"Ni kuma ba don ƙyallenku na yi shekara biyu ina sauya kasuwa ba, don kada a nuna ni da baki." Ta watsa wake a kwano. "Kai ba ka nan, ka gudu birni karatu. Shekarar da suka tafi da shi matar likita aka ba aikin. Ta ɗaure wa Maryamu baiwar Allah haɓa kamar mai ciwon haƙori! Haka aka zagaya da ita gari. Duk matan titin nan sun san dalili, babu wadda ta buɗe baki."

Gajiyar da ta sauko wa Don Anselmo ba ta hawan bene ba ce. Ya tuna mutum shidan nan, saura shi kaɗai.

"To, a rubuta ado," ya ce a hankali. "Amma a sa shekarun daidai. Daga 1959 zuwa 1971. Sannan daga 1974 zuwa 1996. Ba zan yarda a haɗe su ba."

Ta ɗago kai, ta zuba masa ido.

"Duk wanda ya iya lissafi zai tambaya."

"Ya tambaya mana."

"Kai dai ɗan tsiya ne tun kana yaro." Ta goge hannu a gyalenta. "Ba zan bari a jingina masa aikin matar likita ba, ko a kabari ba zai yafe mini ba. Je ka gaya musu na yarda. Ka riƙe ƙarfen matakala, suruki, ba ni da mai kwashe ka."

Sai da ya kai hawa na biyu ya tsaya. Ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba.

Da ya sauko ya gaya wa Nieves, ba ta ɓoye fushinta ba.

"Shekara goma sha ɗaya, a ƙarshe mu kafa wa coci allo? Ina ƙungiyar? Ina kurkukun? Wannan ai shirun da ya yaƙa ne, ka sa an rubuta shi a tangaran!"

"Ban ce kin yi ƙarya ba," in ji shi. "Ke kina da wasu shekara goma sha ɗayan. Ki yi amfani da su."

An kafa allon ana saura kwanaki zaɓe, farin tangaran mai shuɗin rubutu. Kansila ɗaya ya zo, aka ɗauki hoto, ya tafi. Rabin 'yan ƙungiyar sun ƙi halarta.

Akwai benci a ƙarƙashin bishiyar lemo daura da gidan. Can Don Anselmo ke zama kowace hantsi, sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana jiran wanda zai tsaya ya lura da giɓin shekarun. Masu wucewa kan karanta sunan su wuce. Wani lokaci Doña Visitación kan leƙo ta taga.

"An tambaya yau, suruki?"

"Tukuna."

"To, ka matsa cikin inuwa."