Fasinjojin Mai Aski

"Uwar tawa za ka tsayar a rana?"

"A inuwa dai. Har kujerar aski na fitar mata."

"Ka taɓa ganin mai jiran mota a kan kujerar aski?"

Mai Aski ya ga matarsa ta fi shi gaskiya. Ya mayar da kujerar ciki.

Hukumar gari ce za ta kawo dogayen bas masu hanyarsu daban a tsakiyar titi, ba ruwansu da cunkoso. Ba a tsayar da wuraren tasha ba tukuna. An ce yau ma'aikata za su ƙirga masu jiran mota a kowace kwana, inda aka fi taruwa nan za a sa tasha. Ƙofar shagonsa kuwa ko akuya ba ta jiran mota, kuma ya kwana biyu bai ga sabon kai ba. Tasha a ƙofa, kawuna a shago. Lissafinsa ke nan.

Sai ya kwaso dangi. Ƙanne, surukai, 'ya'yan yayye, har da Tela maƙwabcinsa. Kowa da jaka ko kwali fanko.

"Ku dubi hagu, ku yi tsaki, ku duba agogo," in ji shi. "In mota ta tsaya ku shiga, ku sauka a kwana ta gaba, ku dawo ta lungu. A riƙa sauya hula."

Mai ƙirga ta iso, budurwa ce da rigar aiki mai ɗaukar ido. Ta zauna tana latsa wayarta. Dangi suka yi ta zagaye kamar tururuwa. Tela kaɗai sai da ya ƙare hulunan gidansa.

Inna, surukar tasa, ita ta fi kowa iya wasan. Ta dogara sanda ta ƙarasa wurin budurwar.

"'Yar nan, yau ai ba mutane. Ki zo ran kasuwa. Jiya saura ƙiris a tattake ni."

"Sannu, Mama. Me kuke buƙata a nan?"

"Wurin zama. Rumfa. Banɗaki. Ki rubuta babba."

Mai Aski, yana leƙe ta bayan labule, ya ji kamar ya goya ta.

Bayan watanni aka zo. Mota fara, injiniya da hular kwano, da wani mai gwangwanin jan fenti. Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, haƙora a waje.

"Barka, malam," in ji injiniya. "Da ko ƙaramar tasha ma ba za mu sa muku ba. Amma jama'ar da muka gani a nan ta ba mu tsoro. Babbar tasha za a gina, da rumfa da banɗaki. Dole titi ya faɗaɗa."

"Zuwa ina?"

Mai fenti ya amsa masa. Ya zana jan gicciye a bangon shagon, daidai kan hoton askin da ya fi so.

Matarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Inna ta gyara tsayuwa.

"Ashe yarinyar ta rubuta," ta ce. "Allah ya yi mata albarka."

Tela ya dubi bangonsa, fenti ya nufo shi. Ya dubi Mai Aski.

"To, maƙwabci, cikinmu wa zai gaya musu duk 'yan gida ɗaya ne?"