Ranar Da Nomau Ya Fita Daga Sahun Talakawa

Daren jiya Nomau mai faci ya yi wani mafarki, ga shi kuwa da yunwa suka kwanta, shi da iyalinsa.

Sai ya gan shi a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa ya nufi gajimare, kowa na tafe da lema a ƙarƙashin ƙafa. Buhu ne a kafaɗarsa, babu komai ciki, domin an ce ana raba wa talakawa masara a ofishin ƙididdiga, kuma 'ya'yansa huɗu na gida suna jira.

Daraktan ofishin wani bunsuru ne mai tabarau, yana taunar rahoton bara.

"Ranka ya daɗe, masarar talakawa na zo karɓa."

"Ai kai ba talaka ba ne, Malam Nomau. Jiya muka sake ma'auni. Da can abin da ka sayar kawai muke ƙirgawa. Yanzu har iskar da kake ɗura wa taya ta shiga arzikin ƙasa."

"Iskar ai ta Allah ce."

"Ta dai shiga. Da inuwar dalbejiyar da kake zama, da hirar da kuke yi a gindinta. Hamma nawa ka yi yau?"

"Ta yunwa ce, ranka ya daɗe. Za ta kai arba'in."

Bunsuru ya rubuta arba'in, ya yi masa barka.

Sai ga shi a dandali, tumaki na ta tafi. Wata akuya ta sanar a lasifika cewa tsakanin azahar da la'asar gidan Nomau ya bunƙasa da kashi tamanin cikin ɗari, har ya zarce na maƙwabcinsa. Gaskiya ya ji daɗi, wa ya ƙi a ce ya fi maƙwabci? Can ya tuna da yara.

"To masarar fa?"

"Masu hali ba sa karɓa," in ji akuya. "Amma ga rabonka na bunƙasa."

Ta auna masa sifiri mudu uku, har da gyara. Ya kai gida, matarsa Tasalla ta juye su a tukunya ta shiga tuƙi, suna ta ƙara, sun ƙi nuna.

Ƙarar ce ta tashe shi. Tasalla ce a tsakar gida take kankare ƙanzon shekaranjiya da cokali, yara huɗu sun kewaye tukunyar.

Nomau ya yi wata doguwar hamma. A ransa ya ce, arba'in da ɗaya.