Takunkumi Mai Shafi

Kular faten doya, lemo shida, burodi ɗaya, sabulu. Can ƙasan jakar kuma, ƙarƙashin ɗankwali, wani baƙin takunkumin fuska mai hujin ido biyu.

Motar ta bar Dutse Alhaji ta kama hanyar Bwari. Magdalene na zaune a bakin taga, jakar a kan cinyarta. Ita tela ce, kuma ita ta ɗinka takunkumin da hannunta, shi da wasu huɗu, watan jiya, da makarantar 'yarta Kindness ta ce yara su zo da shigar jaruman fim. Shekarar Kindness goma sha ɗaya. Tun da mai tura finafinai na bakin layi ya cika wayar babanta da finafinan masu rufe fuska, ba ta da zance sai na wata yarinya da ke karya ƙasusuwan manyan ƙarti don gyara gari.

Shekaranjiya da la'asar wasu yara biyar rufe da fuska suka tare Baba Mato a fegin da ke bayan layinsu, yana karyar masara. Suka yi ta ihun ɓarawo da Turanci. Ɗaya ya harbe shi da danƙo a ido, sauran suka bi da sanduna. Masarar tasa ce. Tun kafin a kafa bulo ɗaya a unguwar ubansa ke noman wurin, shi kuma yana shuka duk fegin da ba a gina ba tukuna. Manya sun san haka. Ba wanda ya taɓa gaya wa yaran.

Kindness ta ce tana gida a lokacin. Da safe Magdalene ta ɗaga katifar yarinyar ta ga takunkumin, a ninke, ba ƙura. Ta ji sanyi a ranta. Sai yanzu, a cikin mota, ta tura hannu ta juya cikinsa. Ba shafi. Na Kindness kaɗai ta yi wa shafi da ƙyallen zanen zumuntar matan coci, domin baƙin yadin yana sa mata ƙaiƙayi.

A asibitin da aka kwantar da shi, Perpetual, 'yar Baba Mato, ta karɓi kular ba tare da ta buɗe ba.

“Ke ce ta farko daga layinku,” in ji ta.

Magdalene ba ta gane ko godiya ce ko tuhuma ba.

Baba Mato na kwance, bandeji ya rufe rabin fuskarsa. Da ɗaya idon ya dube ta, ya daɗe.

“Maman Kindness. Kin bar keke ya huta yau?”

“Sannu, Baba. Ya jikin?”

“Jiki yana nan. Ido ne likita ya ce sai Jumma'a za a sani.”

“Ka gane su?”

Ta yi saurin tambayar, ta kuma san ta yi sauri. Perpetual ta ɗago kai.

“Yaya zan gane mutum da ba shi da fuska?” Ya yi ɗan murmushi. “Ɗaya dai mace ne. Muryanta kamar usur.”

Ya aiki Perpetual ta samo ruwan zafi. Da ta fita, ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wani abu baƙi. Robar ta tsinke ta gefe ɗaya. Ya juya cikinsa a hankali, ya shimfiɗa a kan ƙirjinsa. Shuɗin zanen zumunta, da rabin fukafukin kurciya.

“Da na faɗi, hannuna ya kama wannan,” in ji shi. “Ɗinki mai kyau. Ko zare ɗaya bai fita ba.”

Magdalene ta ƙura wa shafin ido. Shi kuma ya ci gaba.

“'Yan banga sun zo jiya. Oga Michael da yaransa. Sun ce ko akwai abin da na gani, su za su gama aikin. Kin san yadda suke gama aiki.”

“Me ka ce musu?”

“Na ce tsoho ne ni, ido ɗaya ya rage.”

“Perpetual ta gani?”

“Da ta gani, da ba ta karɓi kularki ba.”

Ta jira ya miƙo mata. Bai miƙo ba. Ya ninke shi ya mayar ƙarƙashin matashin, ya gyara kansa a kai. Ta jira ya faɗi abin da yake so. Wannan ma bai faɗa ba. Sai cewa ya yi masarar ta isa karya, in aka ƙara kwana uku awaki za su gama da ita.

Ta iso gida rana na kan katanga. Mijinta Thaddeus na zaune a ƙofa yana goge takalmi. Ta gaya masa a tsaye.

“Tunda bai ba su ba, ba zai ba su ba,” in ji shi, murya ƙasa ƙasa. “Ki ƙona wanda ke hannunki, mu yi shiru. Yara ne.”

“Wannan na wa ne ma? Wata uwa tana can tana neman sa.”

“Magdalene, kar ki tono mana.”

Ta wuce shi. Kindness na kwance a kan gado da wayar, hasken fim yana wasa a fuskarta, ƙarar naushi na fita ƙasa ƙasa. Magdalene ta ciro takunkumin ta ajiye a kan wayar, cikinsa a waje. Yarinyar ta dube shi.

Magdalene ta tura ƙofar da ƙafa, ta sa sakata.

“Gobe kafin makaranta za ki karya masarar nan, ke da sauran huɗun, kowa da fuskarsa a buɗe,” in ji ta. “Buhun kuma ke za ki ɗauka har bakin gadonsa.”