Sunan Da Gwaggo Ba Ta Faɗa

Tun ranar da Gwaggo ta ji a rediyo cewa za a bi gida-gida ana jin ra'ayin mutane a kan takarar Sanata, zama ya gagare ta. Mutum biyu ne ke neman tikiti a jam'iyya ɗaya, wani attajiri Alhaji Ilu da wani lauya Zaharaddeen. Manyan jam'iyyar sun gaji da rabon faɗa, sai suka ɗauko kamfanin masu bincike, suka ce a je a tambayi jama'a, wanda aka fi ambata shi za a tsayar. To, Zaharaddeen ɗin nan kuwa ɗan Gwaggo ne na fari.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Gwaggo ta riƙe wannan alkunya fiye da kowace mace a unguwarsu ta Koki. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, shekara hamsin da 'yan kai ke nan, kuma har yau in dole ta sa za ta ambace shi sai ta ce "wancan". In ranta ya yi fari ƙwarai ta ce wa ƙannensa "yayanku". Ranar da ya zama lauya ana ta guɗa a tsakar gida, ita tana ɗaki tana tsince wake kamar ba a gidanta ake yi ba. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, bango take kallo ta amsa.

Amma fa a zuci, wayyo! Babu wanda take ƙauna a duniya kamarsa. Ta san duk unguwar da ya je taro, ta san ranar da muryarsa ta dushe, ta san wanda ya zage shi a shirin siyasa, kuma ba ta yafe ba. Da ta ji an ce masu tambayar baƙi ne, kuma abin da mutum ya faɗa sirri ne, sai ta ji kamar don ita kaɗai aka shirya. Ga hanya ta samu da za ta tsaya wa ɗanta ba tare da idon sani ba.

Kullum da safe sai ta sa a share zaure da lungu, ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalin fita unguwa, ta zauna a kan tabarma tana fuskantar ƙofa. Autarta Nana Aisha, wadda ba ta da birki a baki, ta lura.

"Gwaggo, baƙi za ki yi ne? Ko masu jin ra'ayi kike jira?"

"Ni ina ruwana da su? Mutum ba zai yi tsafta a gidansa ba sai da dalili?"

Wata Laraba da hantsi aka ji lungu ya ɗau hayaniya. "Sun shigo Koki! Sun shigo!" Maƙwabta suka fara kiran juna a waya, wata ta ce ta gan su a bakin masallaci, wata ta ce ba kowane gida suke shiga ba, tsallake suke yi. Gwaggo ta ƙura wa ƙofa ido. Ta shiga addu'a a ranta kar a tsallake nata, har ta yi alkawarin sadakar waina. Ba ta gama addu'ar ba aka yi sallama.

Budurwa ce siririya, da hijabi ruwan toka da ƙatuwar waya a hannu. Ta durƙusa ta gaida kowa, ta ce sunanta Bushra, daga Tarauni take. Ta yi bayani cewa mace ɗaya za ta yi hira da ita a gidan, kuma ba ita ke zaɓa ba, wayar ce. Ta tambayi mata nawa ke da katin zaɓe, ta danna, ta ɗago kai.

"Ta ce wadda ta fi kowa shekaru."

Nana Aisha ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta haɗe rai don kar a ga murnarta, ta gyara wa baƙuwar tabarma. Kafin ka ce kwabo matan lungu sun cika tsakar gida, wata da goyo, wata da ludayi a hannu ta baro miya a wuta. Ai ba ƙaramin kallo ba ne, a tambayi Gwaggo wa take so.

Tambayoyin farko ba su ba ta wahala ba. Aka tambaye ta ruwa, ta ba da tarihin famfon Koki tun daga lokacin da yake zuwa har ya daina. Aka tambaye ta wuta, ta ce a tambayi firjinta da ya koma ma'ajiyar kwanuka. Mata suna ta shewa, Bushra na dariya tana dannawa.

"To Hajiya, saura ta ƙarshe. A cikin masu neman takarar Sanata a wannan mazaɓa, wa kike so a tsayar?"

Mata suka zuba wa Gwaggo ido. Sai a lokacin Gwaggo ta gane abin da ba ta taɓa lissafawa ba. A duk kwanakin da ta yi tana jira, ta ɗauka hoto za a nuna mata ta dangwala yatsa, kamar ranar zaɓe.

"Ina hotunan, 'yar nan?"

"Babu hoto, Hajiya. An hana mu ma karanta sunaye. Ke za ki faɗa da bakinki."

Gwaggo ta faɗi sunan jam'iyyar. Bushra ta ce ai su biyu ne a ciki, wanne? Gwaggo ta ce, "Wancan." Bushra ta waiga bayanta ta ga ko akwai wani a tsaye, mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki.

"Lauyan," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa. "Ba mai kuɗin ba."

"Zaharaddeen take nufi!" Nana Aisha ta yi karaf ta ce. "Ɗanta ne na fari, baiwar Allah, ba za ta faɗa ba ko za a shekara. Ki rubuta kawai."

Bushra ta rufe baki da hannu. Ita ma Bahaushiya ce, kakarta haka take yi wa babanta, nan take ta fahimta, kunya ta kama ta. Sai dai ta ce ba yadda za ta yi. Wayar tana ɗaukar murya, a ofis akwai mai sauraro, in bai ji sunan daga bakin wadda aka zaɓa ba, ko ya ji wani ya amsa mata, ba za a ƙirga ba.

"Kar ki damu, Hajiya, akwai wurin da aka ware. Sai in sa miki 'ba ta yanke shawara ba', shi ke nan."

"Ki sa me?"

"Cewa ba ki yanke shawara ba tukuna."

Maganar ta soki Gwaggo har ƙashi. Ita ce ba ta yanke shawara ba? A kan yaron da ta yi kwana biyu tana naƙudarsa? A je a haɗa ta da masu jiran a raba atamfa kafin su san wanda suke so? Ta san murya ɗaya ba ita za ta ba shi tikiti ba. Amma an zo har tabarmarta an tambaye ta, kuma za a tafi da amsar cewa uwarsa tana shakka. Ta dubi matan da suka zuba mata ido, wasunsu tare aka kawo su unguwar suna amare, sun san ba ta taɓa karya wannan al'ada ba. Ta dubi yatsan Bushra da ke shirin sauka a kan wayar.

"Tsaya!"

Ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta kama hannun Bushra ta ja ta zuwa ɗaki, ta juyo ta nuna matan da yatsa.

"Duk wadda ta matso kusa da labulen nan, ni da ita har abada. Ke Nana, ki kunna musu rediyo, ki ƙure murya."

Suka wuce falo, suka shiga uwar ɗaka, Gwaggo ta tura ƙofa ta rufe taga. Suka zauna a bakin gado. Daga waje ana jin rediyo na ta kururuwa, mata na ta surutu a kai.

"Mai sauraron nan naku, ya san ni?"

"Bai san ki ba, Hajiya. Ba a sa sunanki ko na gidan."

"To tambaye ni."

Bushra ta maimaita tambayar a hankali. Gwaggo ta gyara zama. Ta yi gyaran murya, ta yi bisimilla, ta damƙe gefen zaninta. Sunan ya fito a rarrabe, kamar yaro na koyon karatu.

"Za... Zaharaddeen."

Ta saurari yadda ya zauna a bakinta. Ashe haka yake da daɗin faɗa. Kowa a garin nan yana kiransa, 'yan acaɓa da masu rediyo har da maƙiyansa, ita da ta haife shi sai yau ta ɗanɗana. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ga kuma murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

"Ya shiga, Hajiya," in ji Bushra, ita ma idonta ya kawo ruwa. "An ƙirga ki. Mun gama, na gode."

Ta kashe wayar ta sa a jaka, ta yunƙura za ta tashi, don akwai sauran gidaje a gabanta. Gwaggo ta riƙo gefen hijabinta ta mayar da ita zaune.

"Ina za ki da sauri haka? Zauna, 'yar nan. Sake tambayata."