Hoton Gawar Nichifor

Nichifor ya mutu ranar Talata da hantsi, a bakin rijiya, da bokiti a hannunsa. Matarsa Profira ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki bokitin ta kai wa kaji ruwa, sannan ta leƙo ta katanga ta ce, "Safta, zo ki taya ni, mutumin ya tafi."

'Yarsu ɗaya ce, Otilia. Tana Italiya tana jinyar wata tsohuwa da ta ƙi mutuwa, shekara shida rabonta da gida. 'Ya'yan tsohuwar suka ce idan ta tafi kada ta dawo. Don haka abu ɗaya ta roƙa a waya: a ɗauki hoto irin wanda aka yi wa kakanta, akwatin gawa a buɗe, mutane a kewaye, fuskar babanta ta fito sosai ta gani.

Mai hoton garinmu ya riga Nichifor tafiya, mu da muka rage kuma duk tsofaffi ne, wayoyinmu masu maɓalli. Sai Toader, tsohon malamin lissafi, wanda tun da ya yi ritaya ba ya da aiki sai hawa tudu yana ɗaukar duwatsu hoto. Ya sayo wa kyamararsa wani gilashi mai araha, kumburarre kamar idon saniya. Matarsa ta gaya mini a asirce cewa sati biyu ya ɓoye shi a rumbu kafin ya nuna mata. Ni ma a asirce na gaya wa mutum huɗu.

Ranar jana'iza aka tashi da ruwa, ba halin fitar da akwati tsakar gida. Muka cunkushe a ɗakin baƙi, mu sha tara da Fada, limamin cocinmu, ɗakin da ko mutum shida suka zauna sai gwiwa ta gogi gwiwa. Kamar yadda muke yi in akwai gawa a gida, an rufe madubi da baƙin ƙyalle, an rufe talabijin, an rufe gilashin kabad. Ni na rufe su da hannuna, don ni ake kira a irin wannan rana.

Toader ya kafa kyamara a gefen akwati, dab da kan mamaci, har na ce ko sumbatarsa zai yi.

"Malam, ja da baya mana, ta ina za mu fito?"

"Duk za ku fito, Yaya Safta. Wannan gilashin har kunnuwana yana gani. Illarsa ɗaya, ba ya saita kansa. Sai na murɗa wannan zoben da hannu, ina kallon allon nan na baya, har fuskar ta fito tar."

Na leƙa allon. A kashe yake, baƙi wuluk, sai ga fuskata a ciki da ɗankwalina. Ya kunna, sai ga Nichifor kwance a ciki.

"Rufe shi," na ce.

"Ba madubi ba ne."

"Na ga kaina a ciki, na ga gawa a ciki. In ba madubi ba ne, kwanon miya ne?"

"Yaya Safta, kyamarar nan ba ta da ramin leƙawa. In kika rufe allon na makance."

"Shekara talatin kana koya wa yara lissafi, yau ka lissafa."

Matan suka goyi bayana, don babu mai son a ce ran Nichifor ya maƙale a cikin abin Toader ya bi shi gida. Fada ya duba agogo, yana da wata jana'izar a ƙauyen gaba. Toader ya juya ga Profira. Tana zaune a kan kujera, hannuwa a cinya, idonta a kan ƙafar tebur.

"Ku yi yadda ake yi," ta ce.

Na ɗaure hankicina a bayan kyamarar. Toader ya ari tef ɗin awo na ɗinki, ya auna daga gilashi zuwa hancin mamaci, ya murɗa zoben zuwa lambar da ke rubuce a jikinsa. Ya danna sau bakwai. Aka ɗauki akwati, aka tsaya a kowace mararraba ana addu'a cikin ruwa, aka binne, aka ci dafaffiyar alkama da zuma. Miyar ta yi gishiri, kowa ya lura.

Washegari da la'asar Toader ya zo da hoton a takarda. Ina gidan, ina wanke tukwane. Ya ajiye a tebur ya tsaya da hula a hannu.

Duk mun fito, wannan kam bai yi ƙarya ba. Waɗanda ke gefe sun miƙe sun yi faɗi, matar mai gari ta zama biyu, kan Fada ya yi tsawo kamar kankana. Bangon baya ya fito raɗau, har ana iya ƙirga furannin labule. A gaba kuwa, inda fuskar Nichifor take, wani farin abu ne kamar an shafa man shanu. Ga gurbin ido, ga inuwar gashin baki, shi ke nan.

"Lambobin jikin zoben ba daidai suke ba," in ji Toader. "A kan duwatsu ban taɓa lura ba. Duk bakwai ɗin haka suke."

Bai kalle ni ba, ni ma na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Profira ta daɗe tana duban hoton. "Ka aika mata," ta ce.

"Haka?"

"Akwai wani ne?"

Ya aika ta kwamfutarsa. Ba a yi awa ɗaya ba wayar gidan ta yi ƙara. Otilia mai murya ce tun tana yarinya, ina jin ta daga bakin murhu, amma ranar a hankali take magana.

"Mama, ban ga fuskarsa ba."

"Haka ya fito."

"To gaya mini. Yaya yake?"

Profira kwana biyu tana zaune kusa da akwatin nan, ashe ba ta ɗaga ido ta dube shi ba ko sau ɗaya. Ta miƙo mini wayar, ta fita wajen kaji.

"Gwaggo Safta, ke dai babu abin da ke wuce ki."

Na zauna. Na ce ya rame a kumatu. Na ce mai aski ya yanke shi a haɓa, gefen hagu, muka shafa hoda. Gashin ya yi fari duka, har gira. An tsaga masa shi ta dama, ba yadda ya saba ba, na so in gyara aka ce in bari. Idon dama bai rufu sosai ba. Bakin ya ɗan karkace, kamar lokacin da yake shirin yi wa wani gardama.

"Kunnensa fa? Wanda kare ya ciza?"

"Yana nan yadda kika san shi."

"Sai me?"

Na duba farin abin nan da ke kan takarda, na nemi wani abin da zan ƙara, babu.

"Shi ke nan, 'yata."

"To," ta ce. Can bayanta na ji tsohuwar tana kira da yarensu. "Bari in je, lokacin maganinta ya yi."